Ƙofar Shiga Daftarin Haraji a Buɗe Take, To Ina Ta Fita?

Duk wanda ya yi wayo a ƙasar Kano kafin shekarar 1979, ko kuwa ya zauna gaban dattawan da suka ga wancan zamani ya saurare su da kunnen basira, ya san akwai ranaku biyu a rayuwar talaka waɗanda ba a yi musu kiɗa, ba a yanka musu rago, amma duk unguwa tana sane da su, wato ranar da aka sa shi a haraji da ranar da aka fitar da shi. Ta farko ita ce shaidar yaro ya zama mutum, ko da kuwa gemu bai tsiro masa ba, muddin mai unguwa ya dube shi ya ga damtsensa ya isa riƙon garma. Ta biyu kuwa ita ce shaidar ƙarfi ya ƙare, ko ido ya tafi, ko wata lalura ta kwantar da shi, ko kuma rai ya yi halinsa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu mutum yana cikin daftari, sunansa da na ubansa a rubuce, kowace kaka sai ya kai abin da aka yanka masa, a ba shi 'yar takarda ya ninke ta ya cusa a naɗin hula ko cikin jakar fata, domin in tafiya ta kama shi zuwa Birni ko cin rani, ita ce za ta raba shi da ɗan doka a hanya.

Kada mai karatu ya zaci begen wancan zamani nake yi, domin haraji da jangali ba su bar abin bege ba a zukatan mutanen karkara. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin ɗabi'un sarakunan da ya yi inkari a kansu a littafinsa Kitabul Farƙi. Da Turawa suka ci Kano a 1903, suka tarar da kuɗaɗe iri-iri da ake karɓa, irin su kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin karofi, suka shiga tattara su wuri ɗaya a ƙarƙashin dokar da Gwamna Lugga ya kafa a 1906, sa'an nan aka buɗe baitulmalin En'e, aka saki malaman taki cikin gonaki suna auna su da ƙafa, sai al'amarin ya sami tsari da lissafi, amma bai sami rahama ba. An shanya magidanta a rana a ƙofar dagaci, an sayar da akuya da hatsin ci tun ba a kai bazara ba, wasu sun sulale da dare sun bar gidajensu kufai. Wannan yana cikin abin da ya ba jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano cikin watan Agusta 1950, kunnen talakawa, kuma shi ya sa har yau tsofaffi ba su manta da shekarar 1979 ba, shekarar da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, Gwamna Balarabe Musa kuma ya yi haka a Kaduna.

Amma cikin dukan zaluncin da ke tattare da wancan tsari, wanda ya fi ci wa mutane rai shi ne sunan da ya ƙi fita. Da yake gari ake yanka wa kuɗi a dunƙule, dagaci ya raba wa masu unguwanni, su kuma su raba wa gidaje, idan mutum ya rasu bayan ƙidaya, ko ya yi ƙaura, aka ƙi goge sunansa ko aka yi sakaci, to kasonsa ba ya bin sa kabari, sai ya faɗo kan ƙaninsa ko maƙwabcinsa, shi kuwa ya biya na rai ya biya na gawa. Saboda haka goge suna ya zama babban sha'ani, ana tafiya da shaida, a durƙusa a ce, "Ranka ya daɗe, wane ya riga mu gidan gaskiya tun kafin Sallar Layya, a taimaka a cire shi." Mai unguwa kuwa, ko da azzalumi ne, ya san gaskiyar maganar, don da shi aka ɗauki makarar. Abin da nake so mu riƙe ke nan kafin mu wuce: daftarin da, duk da muninsa, yana da mutum zaune a bakinsa wanda ya san wanda ya mutu, ya san wanda ya karye, ya kuma san wanda ya tafi ba dawowa.

Yanzu ga shi an sake buɗe wani daftari, wanda ba a rubuta shi da tawada ba, ba shi kuma da mai unguwa. Ran 26 ga Yuni 2025 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a kan dokokin haraji guda huɗu, biyu daga cikinsu, wato dokar harajin kanta da dokar gudanar da shi, suka fara aiki ran 1 ga Janairu 2026. Hukumar tara haraji ta tarayya da aka sani da FIRS ta koma NRS, aka kuma wajabta wa duk mai samun abin da haraji ke hawa kansa ya mallaki lambar shaida guda ɗaya tal, wadda da ita zai riƙa mu'amala da banki da hukuma. Tun kafin a zartar da dokokin an sha hayaniya, gwamnonin Arewa suka taru a Kaduna cikin watan Oktoba 2024 suka ce ba su aminta da yadda za a raba harajin VAT ba, malamai suka hau mumbari, 'yan majalisa suka yi ta ja-in-ja. To, wannan duka muhawara ce a kan rabon abin da aka tara, wato maganar manya. Cikin wannan ƙura sai aka tsallake wani ɗan sashe na dokar wanda, a ganina, ya fi rabon VAT kusa da wuyan talaka, shi ne sashen da ya yi bayanin yadda mutum zai fita daga daftari bayan ya shiga.

La'alla wani ya ce, ina ruwan mutumin Jama'a ko Kutama ko Lakwaya ko Garo da wannan mas'ala, mutumin da dukiyarsa ba ta wuce gona da tumaki biyu da ɗan tebur a kasuwar Getso ba? Ruwansa kuwa da yawa, domin 'ya'yansa sun riga sun shiga, mafi yawansu ba su ma san sun shiga ba. Tun daga dokar kuɗi ta 2019 aka shardanta wa banki kada ya buɗe asusun kasuwanci sai da lambar haraji. A 2020, bayan annobar korona, Gwamnatin Tarayya ta ce za ta yi wa ƙananan sana'o'i 250,000 rajistar suna kyauta a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, sai samari suka yi ca a shagunan kwamfuta, da tela da mai cajin waya da mai sayar da taki, kowa ya ƙago wa kansa suna mai daɗi da Turanci, yana sa ran tallafi zai biyo baya. A 2024 kuma aka ce duk mai sana'ar POS sai ya yi rajista, in ba haka ba a hana shi aiki. Ga kuma ƙungiyoyin manoma da aka yi ta kafawa saboda rancen noma, tun daga shirin da Babban Banki ya ƙaddamar a Kebbi a 2015, kowace da shugabanta da ma'ajinta da asusunta. Ita kuwa rajistar CAC tafe take da lambar haraji a jikinta, ko ka nema ko ba ka nema ba.

Ka leƙa irin waɗannan shaguna a gefen titin da ya taso daga Kano ya ratsa ƙasar Kabo da ta Gwarzo ya nufi Dayi, za ka ga takardar rataye sama da kan mai shago, an manne ta cikin leda mai ƙarfi don gudun ƙura, da tambarin gwamnati a goshinta, kusa da kalanda da allon da aka rubuta ba a ba da bashi. Bayan shekara biyu ko uku sai jari ya karye, ko dai don tsadar da ta biyo bayan janye tallafin mai a watan Mayu 2023, ko don masu cin bashin da allon bai hana ba, ko wani ɗan damfara ya nuna alat na ƙarya ya karɓe kuɗin yini, ko kuwa yaron ya ga gara ya tafi Abuja aikin gini. Sai a kulle, a mayar wa mai rumfa makullinsa, a sauke takardar a cusa ta ƙarƙashin katifa ko cikin akwatin uwargida tare da katin rigakafin yara. A wurinsa magana ta ƙare. In ka tambaye shi sai ya ce, "Haba Malam, ai na daɗe da barin wannan sana'a, kowa ya sani." Kowa ya sani kuwa, ban da wanda ya kamata ya sani, domin a cikin kwamfutar hukuma shagon nan yana nan a buɗe, mai shi yana ciki yana ciniki, sai dai ya ƙi zuwa ya ba da lissafi.

Da ranar fara aikin dokokin ta matso, jita-jita ta cika wayoyi cewa za a riƙa yankar kuɗi daga asusun kowa, har na ji masu cewa su za su mayar wa gwamnati katin harajinta, ko su yaga shi su huta. Haƙiƙa babu wani kati da za a mayar. Abin lamba ce kurum, kuma hukuma ta bayyana cewa lambar ɗan ƙasa ta NIN ita ce tushen lambar harajin mutum, kamar yadda lambar rajista take tushen ta kamfani. NIN kuwa ba a ajiye ta, tana tare da mai ita har ranar da aka tabbatar ya rasu, sa'an nan a jingine ta ba tare da an ba wani ba. Wanda ya yaga takarda yana zaton ya fita, daidai yake da wanda ya ƙone takardar aure yana zaton ya yi saki, alhali kuwa igiya tana nan, ci da sha da tufafi suna kansa. Abin da ake rufewa shi ne sana'ar da aka rataya wa sunan, kuma ba ta rufuwa da kwaɗon ƙofa, sai da sanarwa.

In an yi adalci, dokar gudanar da haraji ta 2025 ba ta bar wannan babi ba. Ta kasa al'amarin gida biyu. Wanda ya tsayar da sana'arsa na ɗan lokaci, yana da niyyar dawowa, ya wajaba ya sanar da hukumar haraji cikin kwana 30, ita kuma ta dakatar da lambar ta sa ta cikin masu barci har ranar da ya farfaɗo. Wanda ya bari ke nan har abada, shi ma ya sanar cikin kwana 30 domin a soke rajistarsa. Ta kuma ba hukuma ikon soke lambar wanda ya rasu, da ta kamfanin da aka rushe, da ta wanda aka samu yana riƙe da fiye da ɗaya. Mutum ɗaya mai sana'a da sunan kasuwanci, harajinsa na jihar da yake zaune ne, saboda haka mu nan hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Kano, KIRS, ita ce alƙiblarsa. Kamfani kuwa mai hannun jari, irin wanda ake rubuta Limited a ƙarshen sunansa, nasa na tarayya ne. Sa'an nan akwai ƙofa ta biyu wadda ake yawan mantawa da ita, ita ce ta CAC kanta, domin sunan kasuwanci yana da nasa bayanin shekara-shekara da nasa kuɗin jinkiri, yana da kuma tasa sanarwar dainawa, ana yin ta ta intanet, da Turanci. Ke nan wanda ya shiga ta ƙofa ɗaya cikin rabin yini a shagon kwamfuta, sai ya fita ta ƙofofi biyu, in har ya san suna nan.

Na daɗe ina tunanin abin da ya sa mutanenmu, waɗanda ba a san su da wasa da bashi ba, ba su ga wajibcin wannan sanarwa ba, sai na ga abin yana da asali a tarbiyyarsu ta addini, kuma asali ne mai kyau. Duk almajirin da ya karanta babin zakka a Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ya san zakka rataye take da dukiya: idan nisabi ya cika, shekara ta kewayo, ta wajaba, idan jari ya sauka ƙasa da nisabi, ta faɗi da kanta, ba sai an kai wa kowa takarda ba. Malaman Malikiyya, saboda tsananin lura da halin mai dukiya, har sun rarrabe tsakanin ɗan kasuwar da ke juya hajarsa kullum da wanda ke ajiye ta yana jiran kasuwa, kowanne da hukuncinsa. Harajin zamani ya yi tarayya da zakka ta fuska ɗaya, domin naira 800,000 ta farko cikin abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kanta ko na kwabo, wannan kuwa ya fitar da jama'a masu yawa a karkara daga biya. Amma ya saɓa mata ta wata fuskar, domin a cikinsa akwai wajibi na biyu wanda zakka ba ta san shi ba, wato kai bayanin abin da aka samu kowace shekara, ko an samu ko ba a samu ba, kuma wannan wajibi da suna yake rataye. Tarar wanda ya ƙi kai bayani, bisa ga nassin dokar, naira 100,000 ce a watan farko, sa'an nan naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: shekara guda ta shiru ta kama naira 650,000, kuɗin da ya fi jarin da yawancin masu tebur suka fara da shi.

Ba ina nufin gobe ma'aikatan haraji za su bi gida-gida a Jama'a suna neman yaran da suka rufe POS ba. Ba su da ƙafar yin haka, kuma abin da za su samo bai kai kuɗin man da za su ƙona ba. Haɗarin yana cikin jiran da abin yake yi. Yaron da ya karye yana ɗan shekara 25, in Allah ya yi masa buɗi yana ɗan 35, ya tashi neman kwangilar gina aji biyu a firamaren garinsu, ko takardar mallakar fili, ko takarar kansila, sai a ce ya kawo takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, a buga lambarsa, sai shagon da ya manta da shi ya fito da dukan shekarunsa. A wannan rana ce dillalan bakin ofis ke cin kasuwarsu, domin mai gaggawa ba ya ciniki, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma masu lamba biyu ko uku ba da niyyar ha'inci ba. Wani banki ne ya samo masa ɗaya, ya je neman wata takarda a jiha aka ba shi wata, rajistar CAC ta zo da ta uku, a wannan an rubuta Muhammad, a waccan Mamman, a ɗaya kuma an sa sunan gari a gurbin sunan uba. Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A Indiya, inda ake kiran tasu lambar PAN, riƙe fiye da ɗaya laifi ne mai tarar rupi 10,000, amma sun tanadi takarda sananniya da mutum zai cike ya mayar da ta ƙari. Ghana kuma tun 1 ga Afrilu 2021 ta mai da lambar katin ɗan ƙasa ta zama ita ce lambar haraji, ta huta da tagwaye. Mu ma can muka nufa da NIN, kuma daidai ne, sai dai tsofaffin lambobin ba za su haɗe kansu ba.

Mas'alar da ta fi damuna kuwa ita ce ta mamaci. Ɗabi'armu ce mai kyau, ana idar da sallar jana'iza, ko a zaman makoki, wani daga dangi ya miƙe ya ce duk mai bin marigayi bashi ya zo ya faɗa, duk wanda marigayi ke bi shi ma ya ji tsoron Allah ya kawo. Domin shari'a ta tsara cewa daga abin da mamaci ya bari za a fara da likkafani da binnewa, sa'an nan bashi, sa'an nan wasiyya cikin sulusi, kana a raba wa magada. Mai goro yana jin wannan shela, mai taki yana ji, abokin adashi yana ji. Hukumar haraji ba ta zuwa jana'iza. Mutuwar da ba a kai ta ga hukumar ƙidaya ta ƙasa an karɓi takardar shaida ba, a wurin gwamnati ba ta auku ba, a karkara kuwa wa ke tunanin wannan takarda, in ba an tarar da kuɗi a banki an rasa yadda za a fitar ba? Sai ga Alhaji ya shekara biyar a kushewa, an raba gonakinsa, matansa sun fita takaba wasu har sun yi aure, amma sunan kasuwancinsa yana nan da rai yana tara jinkiri, ɗansa kuma yana ci gaba da karɓar kuɗi ta asusun shagon don ya fi sauƙi. Sunan da ya ƙi fita ke nan ya dawo, irin wanda kakanninmu suka yi kuka da shi, sai dai a wannan karon babu mai unguwar da za a durƙusa wa.

Na san hujjar ma'aikatan haraji, kuma ba ta banza ba ce. Za su ce in aka sauƙaƙa fita, masu wayo za su mai da ita sana'a, mutum ya ci riba shekara uku, ya ce ya karye, a soke shi, gobe ya buɗe da sunan ƙaninsa ko na matarsa a rumfar da ya bari. Ana yin haka, kuma ba a kasuwannin Kwari da Singa kaɗai ba, har a kasuwannin ƙauye. Amma soke rajista ba ya yafe abin da ya riga ya hau kan mutum, kamar yadda rabuwar abokan tarayya a kasuwanci ba ta kayar da haƙƙin wanda ke bin su. Hukuma tana da ikon bincike kafin ta soke, ga kuma NIN da ke bin mutum duk inda ya sauya suna. Abin da ba shi da kyau shi ne a ƙuntata wa mutum ɗari masu gaskiya saboda tsoron ma'abota dabara goma, waɗanda ma su ne suka san lauya da akanta, ba ƙofar da ke gagararsu. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imamu Abu Hanifa, da ya rubuta wa Halifa Haruna Rashidu Kitabul Kharaji, jigon nasiharsa shi ne baitulmali da adalci yake cika, kuma kada a ɗora wa talakawa abin da ya fi ƙarfinsu. Daftarin da ke cike da matattu da karyayyu ma ba ya amfanin hukumar kanta, don yana nuna mata masu biya da babu su, ta yi kasafi a kan iska.

Sa'an nan akwai abin da wanda ya tsara doka a Abuja ba lalle ya hango ba, shi ne sana'a a ƙasarmu da yanayi take tafiya. Mutum ɗaya manomi ne daga saukar ruwan fari zuwa kaka, ɗan kasuwar hatsi ne daga kaka zuwa tsakiyar rani, wata shekarar kuma ɗan cin rani ne a Kudu. In aka bi zahirin lafazi, ashe duk damina sai ya rubuta takardar dakatarwa, duk kaka ya rubuta ta dawowa? Wajibi ne KIRS ta fayyace wannan da Hausa a fili, ta ce rufewar damina ba ta cikin abin da ake nufi, ko kuwa ta faɗi iyakar watannin da in an wuce su sai an sanar, domin nassin da aka bari a dunƙule ƙaramin ma'aikaci ne ke yi masa tafsiri, tafsirinsa kuwa ba kasafai yake faɗawa ta wajen talaka ba.

Abin da nake roƙo ba mai tsada ba ne. A sakatariyar Gwarzo da ta Kabo, da sauran ƙananan hukumomin jihar nan, a sami tebur sananne da rana sananniya domin rufe sana'a da dakatar da ita da haɗe lambobi, kada mutum ya yi tafiyar kimanin kilomita 70 zuwa Birni don ya ce ya daina sayar da katin waya. Takardar ta kasance shafi ɗaya da Hausa, kyauta, wanda ya cike a ba shi rasit mai hatimi da kwanan wata nan take, domin wannan rasit shi ne kuɓutar wuyansa. KIRS da CAC su daidaita tsakaninsu, sanarwa ɗaya ta wadatar wa mai ƙaramar sana'a. A karɓi shaidar mai unguwa da limami a kan mutuwa da rufe shago, amma shaida kurum, kada a kuskura a mayar musu da jakar karɓar kuɗi, don mun ga inda wannan hanya ta kai mu. A kuma yi afuwa ta wa'adi ga waɗanda aka tura su rajista a 2020 da 2024 ba tare da an gaya musu abin da ke biye da ita ba, su zo su rufe ba tara. Wanda ya kira mutane su shiga da shela a rediyo, da shela a rediyo ya kamata ya nuna musu mafita. Shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu da 'yan majalisarmu na jiha, wannan aiki ne da wasiƙa ɗaya da bibiya za su iya fara shi.

Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, in kana da irin wannan takarda a ƙarƙashin katifa, ko mahaifinka ya rasu ya bar ta, ko kana cikin shugabannin wata ƙungiyar manoma da ta watse bayan an ci rance, ciro ta ka duba sunan da lambar. Ka sa a rubuta maka wasiƙa gajera, da ranar da aka rufe da dalili, kofi biyu, ka kai ofishin haraji mafi kusa da kai, a buga hatimi a kan naka ka dawo da shi ka ajiye tare da takardun gona; in mamaci ne, ka fara da takardar shaidar rasuwa. Kada ka ba dillali, kada kuma ka jira sai ranar da kake neman wani abu a hannun hukuma. Kwana 30 ɗin da doka ta yanka daga ranar da ka rufe ake ƙirga su, ba daga ranar da ka ji labari ba.